Uche Okeke, Mai Zanen Da Ya Tashi A Kafanchan

Ran 5 ga watan Janairu, 2016, wani dattijo mai shekara 82 da haihuwa ya rasu a garin Nimo, cikin Jihar Anambra. Cikakken sunansa Christopher Uchefuna Okeke, amma duniya ta fi saninsa da Uche Okeke. Masanan zane na gida da na ƙetare sun yi ta rubuce-rubuce a kansa, suna lasafta shi cikin 'yan mutanen da suka aza harsashin zanen zamani a Nijeriya. Abin da ba a cika gaya wa mutanen Arewa ba shi ne, wannan mutum a Kafanchan ya yi ƙuruciyarsa, a nan ya shiga makarantar firamare, a Jos da Kaduna ya fara nuna wa jama'a aikin hannunsa, a Zariya ya yi karatu mai zurfi, sa'an nan a wani gida mai lamba 30 kan titin Ibadan, cikin garin Kafanchan, ya kafa cibiyar al'adu tun yana saurayi. In aka bi makarantun kudancin Jihar Kaduna aji aji, yara nawa ne za su ce sun taɓa jin sunansa?

Kafin a fahimci abin da ya kai ɗan ƙabilar Ibo Kafanchan, sai an waiwayi yadda garin kansa ya kafu. Asali wurin ƙasar noma ce ta mutanen Fantswam, ba nisa da duwatsun Kagoro. Kwal ɗin Inugu da kuzar Jos su suka mai da shi gari. Turawa sun shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu don jigilar kwal, ta fara aiki cikin 1916, daga nan aka yi ta jan ta Arewa, har ya zuwa 1927 ta zama tana rabuwa biyu a Kafanchan: reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tudu zuwa Jos. Da aka gama gadar Makurɗi cikin 1932 sai jirgi ya riƙa ƙetare Binuwai ba tare da an yi fiton taragu ba. Duk inda hanya ta rabu kuwa, nan mutane ke taruwa. Direbobi da 'yan wuta da makanikai da akawuna da kafintoci da 'yan tireda suka yi ta kwararowa daga Gabas da Yamma da ƙasar Hausa. Ko sunan titin Ibadan kaɗai ya isa ya nuna irin garin da aka gina. Cikin 1933 Sarkin Jama'a ya tashi da fadarsa ya komo Kafanchan, a cikin shekarar nan kuma, ran 30 ga Afrilu, aka haifi Uche Okeke. Iyayensa mutanen Nimo ne, suna cikin ɗimbin mutanen Gabas da zaman Arewa ya karɓa.

Ya shiga makarantar St. Peter Claver ta 'yan Katolika a Kafanchan cikin 1940. Yaron da ya tashi a irin wannan gari, a gida zai ji Ibo, a makaranta Turanci, a kasuwa Hausa, a bakin tasha kuwa ya ji harsunan Kagoro da Kaje da Jaba da Fulani masu tallar nono. Bayan firamare aka tura shi Gabas, ya yi sakandare a Anaca da Orlu, ya gama cikin 1953. Da ya gama bai zauna can ba, Arewa ya komo, ya sami aikin akawu a ofishin ƙwadago na Jos.

A Jos ne sa'arsa ta gamu da shi. Cikin 1952 aka buɗe gidan kayan tarihi na garin, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Bernard Fagg, kuma abin da gidan ya fi tinƙaho da shi kayan ƙasar kudancin Kaduna ne. Tun cikin 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba. Wajen 1943 kuma aka tono wani kai na yumɓu kusa da Jama'a, wani ma'aikacin kuza ya ɗauka ya kafa a gonarsa ta doya don ya kore masa ɓarna, ya shekara a can kafin ya faɗa hannun Fagg. Fagg ya gwada shi da na Nok, ya ga hannu iri ɗaya ne, daga nan aka gane cewa fiye da shekara dubu biyu da suka wuce an yi waɗansu gwanayen magina a wannan yanki. Saurayi Okeke ya riƙa zuwa gidan, yana taimakawa wajen shirya nune-nune, yana kallon waɗannan kawuna masu hudajjun idanu. Ashe ƙasar da ya taka yana yaro tana ɗauke da zane a cikinta tun kafin a san Turawa.

Cikin 1956 ya shirya nunin zane-zanensa shi kaɗai, aka yi a Jos aka kuma yi a Kaduna, Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, yana cikin waɗanda suka halarta. Akawu ɗan shekara 23, wanda bai taɓa shiga makarantar koyon zane ba, ga Firimiya tsaye gaban aikinsa. Mai karatu ya riƙe wannan shekara, akwai inda za a komo kanta.

Daga nan sai Zariya. A zamanin nan Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, ita ce babbar makarantar koyon zane a ƙasar nan. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajarsu ma ta Ingila ce: a koya wa ɗalibi awon jikin mutum, da inuwa da haske, da yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa. Ilmi ne mai amfani, ba wanda ya musa. Abin da ya dami ɗaliban shi ne, cikin dukan karatun nan babu inda aka ambaci Nok, ko tagullar Binin, ko zanen bangon gidajen birnin Zazzau da ke nan kusa da su. Cikin 1958 sai Okeke da abokansa, irin su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe, suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, wadda daga baya aka laƙaba wa suna 'Yan Tawayen Zariya. Sunan ya fi abin zafi. Ba su fasa taga ba, ba su ƙaurace wa aji ba. Da rana su yi abin da malam ya ce don su ci jarrabawa, da dare su taru su yi muhawara, in an yi hutu kuma kowa ya koma garinsu ya tambayi tsofaffi.

Manufar ƙungiyar Okeke ne ya rubuta ta cikin 1960, shekarar samun mulkin kai. Taƙaitaccen abin da take nufi shi ne, kada mai zane ya zama ɗan koren Turai, kada kuma ya tsaya kwaikwayon kakanni ido rufe. Ya karɓi kayan aiki da dabarun zamani, ya zuba musu abin da ya gada. Kamar maɗinki ne da ya karɓi keken ɗinki daga Turai, amma bai fasa ɗinka babbar riga ba.

Shi abin da ya gada sunansa uli, zanen da matan Ibo ke yi a jikinsu da bangon ɗaka. Mahaifiyarsa ta iya shi, wurinta ya koma ya zama almajiri. Bahaushiya ba za ta ga baƙon abu a nan ba, gama ruwan da ake zanen jiki da shi daga 'ya'yan itace ake matso shi, dangin katambirin nan da matan Hausa da Fulani ke ɗiga wa fuska, a shafa shi kamar ruwa, in ya sha iska ya koma baƙi, bayan 'yan kwanaki ya goge. Gwanintar uli tana ga layi: a ja shi siriri, a lanƙwasa, a murɗa, a kuma san inda za a bar fili ba a taɓa ba. Okeke ya ɗauke wannan layi daga fatar jiki ya mai da shi kan takarda da alƙalami da tawada, ya zana dodanni da jaruman tatsuniyoyin Ibo da shi. Akwai malaman da ke ƙyamar zana surar abu mai rai, wannan kuwa magana ce ta malamai, ba nan ne wurinta ba. Amma ko wanda ya tsaya kan wannan ra'ayi zai ga uli ya fi kusa da dagi da zayyanar allo da aikin magina na soron Hausa bisa ga hoton Bature.

Tun yana ɗalibi a Zariya ya buɗe cibiyar nan ta titin Ibadan a Kafanchan, inda ya riƙa tara littattafai da zane-zane da kayan gargajiya. A zamanin da ake ganin duk abin da ya shafi adana tarihi aikin Gwamnati ne ko na En'e, ɗalibi ya yi wannan da ɗan abin da ke aljihunsa. Daga baya ya kwashe ta zuwa Gabas, ta zama Cibiyar Asele a Nimo, aka sa mata sunan wata gwanar uli ta cikin labarun mutanen garin. Tana cikin muhimman wuraren da ke ajiye takardu da ayyukan masu zanen Nijeriya na zamanin neman mulkin kai. A Kafanchan aka dasa, a Nimo aka ci 'ya'yan.

Arewa ba ta fita daga hannunsa ba. Cikin 1961, shekarar da ya gama Zariya, ya yi wani zanen fenti da ya kira Jumaa, na maza sanye da manyan riguna ranar Juma'a. Kirista ne ɗan Katolika, amma abin da ya tashi yana gani ke nan kowane mako, ya kuwa zana shi da natsuwa, ba da idon ɗan yawon buɗe ido ba. Irin wannan aiki, watau zanen zaman yau da kullum na talakawa, masu kasuwa da masu ibada da mabarata, mutane kan raina shi sa'ad da aka yi shi, don kowa ya san abin da ke ciki. Sai bayan shekara hamsin, in rigunan sun canja, kasuwar ta ƙone, tsofaffin sun ƙare, sa'an nan a gane shi ne shaidar da ta rage. A shekarar nan kuma ya yi Ana Mmuo, watau ƙasar matattu, wanda masana ke ɗauka shi ne babban misalin manufar 'yan Zariya. Cikin 1962 ya yi wa littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, zane-zanen ciki, ya kuma tafi birnin Munich na Jamus, ya koyi aikin gilashi mai launi da jera ƙananan duwatsu a bango, ya komo cikin 1963.

A nan ya kamata a ɗan dakata a leƙa Rasha, domin shekara casa'in kafin zuwan Okeke, a birnin Munich ɗin nan wani mai zane ya kulle kansa a ɗaki yana aikin da ya canja yadda duniya ke zana yaƙi. Sunansa Vasili Vereshchagin, an haife shi cikin 1842 a garin Cherepovets.

A Turai ta dā, mai zanen yaƙi maroƙin sarki ne, sai dai da burushi yake nasa kirarin. Zai zana sarki bisa farin doki, takobi a zare, tuta tana kaɗawa, in an ga gawa to ta abokan gaba ce, ita ma a tsabtace. Vereshchagin ya yi makarantar sojan ruwa, ya fito da sakamako mai kyau, amma ya ajiye kaki ya shiga koyon zane a Petersburg, daga baya a Faris. Cikin 1867 Janar Kaufman, gwamnan da Sarkin Rasha ya naɗa wa ƙasashen Turkistan da ake ci da yaƙi, ya ɗauke shi ya riƙa zana ƙasar da mutanenta. Cikin 1868 yana cikin 'yan sojan Rasha da mutanen gari suka yi wa ƙawanya a ganuwar Samarƙandi, ya ajiye fensir ya ɗauki bindiga, har aka ba shi lambar jaruntaka. Saboda haka sa'ad da ya zauna a Munich daga 1871 zuwa 1873, abin da ya gani da idonsa ya zana: soja ya dafe ƙirji yana gudu jini na zuba, gawa an manta da ita a daji hankaki na shawagi. Mafi shahara a cikinsu shi ne na 1871, tulin ƙoƙunan kai jibge kamar dalar gyaɗa a busasshen fili, bayansu kangon birni, ba mai rai sai tsuntsaye. A jikin katakon da ya kewaye hoton ya rubuta cewa ya sadaukar da shi ga dukan manyan mayaƙa masu cin ƙasashe, na dā da na yanzu da masu zuwa.

Da aka nuna ayyukan a Petersburg cikin 1874 jama'a suka yi ta tururuwa, manyan hafsoshi kuwa suka husata, suka ce ya ci mutuncin sojan Rasha. Zafin zargin ya sa ya ɗauki uku daga cikin hotunan ya ƙone da hannunsa. Wani attajirin Masko mai suna Tretyakov ya saye sauran, suna gidan zanen da ke ɗauke da sunansa har yau. Bai daddara ba. Cikin 1877 ya bi rundunar Rasha yaƙi da Turkiyya, aka harbe shi a cinya a kan kogin Danube, ƙanensa Sergei ya mutu a yaƙin Plevna. Daga wannan yaƙi ya fito da hoton wani limamin coci tsaye da kaskon turare gaban fili, wanda in an duba da kyau sai a ga ba ciyawa kaɗai ba ce a shimfiɗe, gawawwakin soja ne tsirara iyakar ganin ido. Ya je Indiya, ya zana yadda Turawan Ingila ke ɗaure 'yan tawaye a bakin igwa. Ajalinsa ma a fagen fama ya same shi: ran 13 ga Afrilu, 1904, lokacin yaƙin Rasha da Japan, jirgin ruwan yaƙi mai suna Petropavlovsk ya taka nakiya a bakin Port Arthur, ya nutse da shi da Admiral Makarov da ɗaruruwan ma'aikata.

Okeke bai taɓa riƙe bindiga ba, ba kuma za a kira shi mai zanen fagen fama irin na Vereshchagin ba. Amma inda suka haɗu shi ne, dukansu biyu sun juya wa mai farin doki baya, suka fuskanci wanda doki ya taka. Cikin 1965 Okeke ya yi babban zanen da ya kira Boren Aba, ko Yaƙin Mata. Labarin na ƙarshen 1929 ne, sa'ad da aka fara ƙidayar mutane da dabbobi a garin Oloko, mata suka tabbata haraji za a aza musu kamar yadda aka aza wa mazansu shekara guda kafin nan. Wata mace mai suna Nwanyeruwa ta yi sa-in-sa da mai ƙidaya, kafin a ce haka dubban mata sun tashi a lardunan Owerri da Kalaba, suna rushe kotunan En'e suna neman a tuɓe sarakunan da Turawa suka naɗa. Soja suka buɗe wuta, aka kashe mata fiye da 50. A rahotannin Gwamnati tarzoma aka kira abin. A zanen Okeke kuwa matan ne suka cika allon, sun yi cincirindo, ba a bar wa Di'o ko mai bindiga wurin da zai yi fice ba.

Shekara guda bayan wannan, abin da yake zanawa daga tarihi ya iske shi a ƙofar gida. Ran 15 ga Janairu, 1966, waɗansu hafsoshi suka yi juyin mulki, suka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan nan da ya tsaya gaban zanen Okeke shekara goma da suka wuce, da Cif Akintola, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari. Cikin Mayu, da Yuli, da kuma Satumba zuwa Oktoba, aka yi ta kashe mutanen Gabas a garuruwan Arewa, dubbai suka halaka, ɗaruruwan dubbai suka gudu. A Gabas ma aka taɓa 'yan Arewa, waɗanda suka tsira aka sallamo su gida. Hanyar jirgin da ta gina Kafanchan ita ce ta kwashi masu gudu, taragu cike da mutane da tabarmi da tukwane, waɗansu na gangarawa Makurɗi, waɗansu na haurowa. Yawancin waɗanda suka gangara, irin su Okeke ne, mutanen da a Arewa suka yi wayo, waɗansunsu ma ba su san hanyar ƙauyen iyayensu ba. Okeke yana Inugu a lokacin, ya ga saukarsu. Cikin shekarar nan ya yi zanen da ya kira Iyalin 'Yan Gudun Hijira.

Da yaƙin basasa ya ɓarke cikin Yuli, 1967, Okeke yana ɓangaren Biyafara, ya shugabanci sashen zane a ƙarƙashin hukumar watsa labarunsu, cikin 1969 kuma ya kai nunin zane da sana'o'in hannu na Biyafara ƙasar Jamus. Ba abin ɓoyewa ba ne, ba kuma abin da za a lulluɓe da kalmomi masu daɗi ba: aikin neman goyon bayan Turai ne ga ɓangaren da ke neman ɓallewa daga Nijeriya.

To, a nan ne mai karatu na Arewa zai iya cewa, ina ruwansa da mai zanen da ya nuna ciwon ɓangare ɗaya? Ina zanen gidan Sardauna da aka ƙone? Ina na sojan Tarayya, 'yan Zangon Katab da Kagoro da Katsina da Gboko, da suka mutu a bakin Kwara wajen ƙetarawa Anaca? Tambaya ce mai nauyi, ba a kuwa kore ta da cewa wai mai zane ba ya da ɓangare. Yana da shi. Vereshchagin kansa, duk da sunan da ya yi na mai ƙin yaƙi, da rundunar mamaya ya shiga Samarƙandi, ƙasar da kabarin Imamu Buhari yake kusa da ita. Wani jerin hotunansa na Turkistan sunan da ya ba shi yana nufin mutanen da ba su waye ba, a ciki har da hoton kawunan sojan Rasha soke a kan sanduna gaban wata babbar makarantar birnin, jama'a na kallo. Bai zana abin da igwar Kaufman ta yi wa unguwannin Musulmi da irin wannan zafi ba. Mutumin Samarƙandi yana da ikon ya ce an nuna shi a karkace.

Duk da haka, wanda ya tsaya gaban tulin ƙoƙunan kan nan ba zai iya cewa wannan na Barashe ne, wancan na mutumin Buhara ba. Haka nan uwar da ke rungume da ɗa a zanen 'yan gudun hijira, in aka rufe sunan wanda ya zana da shekarar da aka yi, ana iya cewa daga Kafanchan ta fito cikin Maris, 1987, sa'ad da rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, ko daga Zangon Katab cikin 1992, ko daga Zonkwa cikin Afrilu, 2011. Abin da ya raba gwani da ɗan farfaganda ke nan: na ɗan farfaganda yakan mutu ranar da aka sa hannu a takardar sulhu, na gwani kuwa yakan kuɓuce wa mai shi, har abokan gabansa na jiya su ga fuskarsu a ciki. Game da zanen da ba a yi ba kuwa, na gidan Sardauna da na sojan Tarayya, ba Okeke za a tuhuma ba. Sashen zane na Zariya bai rufe ba tun daga wancan zamani, ya yaye ɗalibai masu yawa daga kowane lungu na Arewa. Kudancin Kaduna ya sha kwamitocin bincike, kowane da rahotonsa mai kauri, amma da wuya a nuna wa yaro ɗaki guda inda zai shiga ya ga abin da rikici ya yi wa kasuwar garinsu da maƙwabtan kakansa, Musulmi da Kirista.

Bayan an gama yaƙi cikin Janairu, 1970, Okeke ya koma Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, ya shugabanci sashen zane, ya sake manhajar ya sa uli a tsakiyarta. Abin da suka yi ta muhawara a kai da dare a Zariya ya zama karatun aji. Daga wannan sashe aka sami Obiora Udechukwu, a nan kuma El Anatsui, mutumin Gana wanda ya shahara a duniya, ya kama koyarwa cikin 1975. Cikin 1971 aka buga littafinsa na tatsuniyoyin Ibo tare da zanensa a Amurka. Ya yi ritaya a tsakiyar shekarun 1980, ya koma Nimo wurin cibiyarsa.

Yau Ana Mmuo yana gidan adana zanen Afirka na Smithsonian a birnin Washington. Babban gidan zanen zamani na New York yana da zane-zanensa na alƙalami. Cikin Oktoba, 2025, gidan Tate Modern na Landan ya buɗe babban nuni kan zanen zamani na Nijeriya, 'yan Zariya suna tsakiyarsa. Asalin waɗannan ayyuka sun yi tsadar da ƙaramar hukuma ba za ta iya saye ba, ba kuma wanda ya ce ta saya. Amma kwafin hoto mai kyau bai fi ƙarfin makarantar sakandare ba, allon ƙarfe mai ɗauke da suna da shekara bai fi ƙarfin Ƙaramar Hukumar Jama'a ba, neman izni da haɗa kai da Cibiyar Asele bai fi ƙarfin reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan ko Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya ba. Akwai kuma tsofaffin ma'aikatan reluwe da tsofaffin ɗaliban St. Peter Claver da suka san garin kafin 1966, kullum kuwa raguwa suke yi. A zauna da su da rikoda tun suna iya nuna wane gida ne na wa. Cikin 2033 fadar Sarkin Jama'a za ta cika shekara 100 a Kafanchan, a cikin shekarar nan kuma, ran 30 ga Afrilu, Uche Okeke zai cika shekara 100 da haihuwa.